Ranar da Ɗakin Baƙi Zai Zama na Amarya

A ƙarshen Disamba 2021 aka sa wa makarantar firamaren Abersoch kwaɗo. Abersoch ƙauye ne a bakin teku, can arewa maso yammacin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗun da suka haɗu suka tashi Birtaniya. Yara bakwai kacal suka rage a makarantar. Wanda ya ji haka zai ɗauka fatara ce ta tashi garin, alhali kuɗi ne suka yi masa yawa. A shekarar ce kuma aka sayar da wata rumfar katako a bakin ruwan ƙauyen, irin wadda masu iyo ke shiga su sauya kaya, ba wuta ba famfo, ba a ma yarda a kwana a ciki ba, a kan kusan fam 200,000. Gidaje kuwa ga su nan reras, sun sha fenti, amma kusan rabinsu na hutu ne. Wasu na attajiran Manchester da kewayenta ne, suna zuwa da bazara su yi makonni su koma. Wasu haya ake ba masu yawon buɗe ido, kwana uku, kwana bakwai. Da hunturu ya shigo sai ka ga layi guda ba fitila ko ɗaya a taga. Ɗan garin da ya tashi aure kuwa sai dai ya nemi matsuguni a wani gari.

Duk wanda ya tashi a babban gida a ƙasar Hausa ya san wannan rigimar, ko da bai taɓa jin sunan Wales ba. Akwai ɗakin nan na kusa da zaure, ɗakin baƙi. Ya fi kowane ɗaki a gidan kyau: daɓen siminti, silin, fanka, katifa mai kauri, darduma a naɗe a lungu, buta sabuwa fil. Makullinsa yana aljihun maigida. Ana buɗe shi da salla, ko in ana biki, ko an yi rasuwa, ko ranar da wani babba ya sauka daga Legas. Sauran kwanakin shekara gizo-gizo ne ke saƙa a ciki, alhali samarin gidan su biyar suna cushe a shago ɗaya, ƙafar wannan a wuyan wancan. Ba mai cewa uffan, sai ranar da aka kai kuɗin auren babbansu.

A daren ne uwargida za ta sami maigida bayan isha'i.

"Malam, an fa sa ranar yaron nan. Ina za a ajiye 'yar mutane?"

"Ai na ce ya nemi haya."

"Da wane kuɗin? Ga ɗaki can a kulle shekara da shekaru."

"To, in Yaya ya zo fa? A zaure zan shimfiɗa masa?"

Kowannensu da gaskiyarsa. Ni dai ina bayan uwargida, gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Amma wanda ya taɓa ganin an mayar da ɗakin baƙi na amarya ya san ba a miƙa makulli kawai a ce shi ke nan.

Yadda karkarar Birtaniya ta cika da irin waɗannan ɗakuna yana da asali. Tun dokar tsara ƙasa ta 1947, mallakar fili ba ta ba mutum ikon gina abin da ya ga dama a kai, sai ƙaramar hukuma ta ba da izini. Abin da hukumomin suka fi ƙi kuwa shi ne sabon gidan zama a tsakiyar gonaki, nesa da gari. Manomi ga shi da tsofaffin gine-gine na dutse da ya gada, barga da ɗakin tumaki da siton harawa, masu ƙananan ƙofofi da tarakta ba ta iya shiga, suna ta rubewa. Kiwo ya daina riƙe gida kamar da, sannan a 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke, aka karkashe dabbobi sama da miliyan shida. Hukuma ta yi ta jan hankalin manoma da kada su dogara da tumaki kaɗai. Sai aka daidaita a kan cewa a gyara siton ya zama masauki, amma da sharaɗi rubuce a takardar izini cewa na 'yan hutu ne kawai. A wurare da dama an ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai wuce kwana 28 a jere ba. A wasu wuraren sai an rufe na 'yan makonni da hunturu. Sau da yawa kuma mai wurin zai ajiye littafi yana rubuta sunan kowane baƙo da adireshin gidansa na ainihi, ko da jami'i zai zo dubawa.

Sharaɗin nan shi ne ƙofar ɗakin baƙi. Tun wajen gini aka sa ta kallon zaure, don baƙo ya shiga ya fita ba tare da ya yi kiciɓis da matan gida ba. Kafin amarya ta tare sai an toshe ta da bulo, an fasa wata ta cikin gida.

Ɓacin ran mutanen Wales a kan gidajen hutu ya daɗe. Daga Disamba 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wa gidajen hutu sama da 200 wuta, yawancinsu na mutanen Ingila. Abin da ya sa maganar ta fi zafi a can shi ne harshe. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen Wales sun ragu zuwa kimanin mutum 538,000, ƙasa da kashi 18 cikin ɗari, a daidai lokacin da gwamnatinsu ke da burin kai su miliyan ɗaya kafin 2050. Lardin Gwynedd, inda Abersoch yake, shi ne matattarar harshen, wajen kashi 64 cikin ɗari na mutanensa suna ji. To duk gidan da ya fita daga hannun iyali ya koma na hutu, yara biyu ko uku ne suka bar aji, kuma harshen da ake ciniki da shi a kantin ƙauye ya sauya. Da dandalin hayar masauki na Airbnb ya zo, aka kuma yi zaman kullen korona wanda ya sa mutanen birni ɗokin iskar karkara, farashi ya haura inda albashin ɗan gari ba ya kaiwa.

Bayan rahoton da Dakta Simon Brooks na Jami'ar Swansea ya rubuta wa gwamnatin Wales a 2021, aka ɗaura ɗamara. A Oktoba 2022 aka raba gidaje aji uku a dokar tsara ƙasa: na zama, na biyu, da na hayar 'yan kwanaki. Daga Afrilu 2023 aka ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin gida na biyu har kashi 300 cikin ɗari, wato mutum ya biya ninki huɗu. Gwynedd ta tsaya a 150. Sai kuma dokar da ta fi tayar da ƙura. A da, in ka ce gidanka na haya ne ga 'yan hutu, aka kwana a ciki kwana 70 a shekara, za a ɗauke ka ɗan kasuwa, a cire ka daga harajin gida. Da yake ƙananan 'yan kasuwa suna da rangwame, da yawa ba sa biyan ko sisi. Sabuwar dokar ta ce sai wurin ya kasance a buɗe kwana 252, an kuma kama shi haya kwana 182, rabin shekara cif. A Ingila kuwa 140 da 70 ne. A Afrilu 2025 kuma gwamnatin Landan ta soke sassaucin harajin riba da masu irin wannan haya suka daɗe suna mora a duk Birtaniya.

Manufar a fili take: a matsa wa mai ɗakin baƙi har ya ga gara ya ba ɗan gida. Ga gidan da ke cikin ƙauye, wanda dama gidan zama ne aka mayar na hutu, hanya a buɗe take. Mai shi zai sayar ko ya sa ɗan haya na dindindin, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Matsalar tana wajen manomin nan mai sito. A bakin teku ma cika kwana 182 aiki ne, balle a gonar da ke cikin tsaunuka, inda ruwan sama ke kwana yana wuni. In bai cika ba, an mayar da shi harajin gida. Gwamnati ta yafe wa masu irin sharaɗinsa ƙarin nan na ninki, amma asalin harajin yana nan a kansa, wani lokaci na sito biyu ko uku. In ya ce to bari ya ba malamar makarantar ƙauye haya ta zauna, takardar izininsa ta hana. Hukuma ɗaya ce, ofishin haraji yana tura shi, ofishin tsara ƙasa ya tare ƙofa.

Akwai hanyar warware sharaɗin, a sashe na 73 na dokar tsara ƙasa ta 1990, sai dai tana da tsawo. Hukumomi da yawa za su ce ya fara nuna cewa sana'ar ta mutu: ya kawo lissafin shiga da fita, ya sa wurin a kasuwa a matsayin masaukin 'yan hutu, galibi shekara guda, a farashin da ba na korar mai saye ba, a ga ko wani zai ɗauka. Sai an rasa mai so sannan a saurare shi. Abin dariyar ma yana Ingila. Tun 2014 manomin can yana iya mayar da siton da har yanzu harawa ce a ciki gidan zama ba tare da cikakken izini ba, muddin ba a yankunan da aka keɓe don kyawunsu yake ba. Maƙwabcinsa da ya bi shawarar hukuma tun da wuri ya gyara nasa don baƙi, ga banɗaki ga kicin, shi ne zai sha jeka-ka-dawo.

Duk da haka ban ce jami'an nan mugunta suke yi ba. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, rana na fitowa ya tafi. Jaka ɗaya ya zo da ita. Abinci daga cikin gida ake aiko masa a rufe da faifai. In zai kewaya, ya ɗauki buta ya bi ta bayan zaure, na kwana uku ne. In ɗakin yana yoyo a lungu ɗaya, ya ja katifa gefe, ba zai ma faɗa ba. Amarya kuwa da mota guda ta kaya za ta zo. 'Yan jere za su shigo da safe, gwaggonni da ƙannen uwa, su auna bango da ido, su ce gado ba zai shiga nan ba, ina za a kafa kabet, ina za a jera kwanuka. Tana bukatar madafa, ko da 'yar rumfar kwano ce da za ta ajiye risho ko murhun gawayi. Tana bukatar makewayinta, da igiyar shanya inda samarin zaure ba za su ga zannuwanta ba, da katangar da za ta raba sashenta da sauran gida. Baɗi ko baɗin baɗaɗa ga goyo, ga wanki kullum, ga ruwan wanka da sai an san inda zai bi kada ya shiga ƙofar maƙwabci. Kuɗin da ake kashewa a kewayen ɗakin ya kan ninka na ɗakin kansa.

Haka abin yake a gonar Wales. Sito uku a jere, bango ɗaya ya raba su, duk suna kallon farfajiyar da tarakta ke juyawa da asuba, tankin kashin shanu yana gefe. Ɗan Landan da ya zo mako guda wannan warin ma burge shi yake yi, har hoto yake ɗauka. Wanda zai yi shekara goma a wurin kuwa ƙara zai kai hukumar lafiya, manomin ya shiga uku a gonar ubansa. Bangon dutse da ke da daɗi a watan Agusta, a Janairu sai ya riƙa tsattsafo da danshi, kuɗin ɗumama ɗaki ya cinye albashi. Babu wurin ajiya, don an tsara ɗakin ne ga mai akwati ɗaya. Babu ɗan fili na yara. Ramin masai an haƙa shi ne da lissafin rabin shekara. Hanya siririya ce, mota ɗaya take ɗauka, bas ba ya bi, likita da makaranta suna da nisan mil da yawa. Ranar da mai zaman ya tsufa ya daina tuƙi, hukumar nan ce za ta riƙa aika masa mai kula da shi har can. Shi ma manomin sai ya yi tunani, domin tun Disamba 2022 dokar haya ta Wales ta ce in zai tashi ɗan hayan da bai yi laifi ba sai ya ba shi wa'adin wata shida. Ɗan hutu kuwa ranar Asabar da ƙarfe goma ya bar makulli ya kama hanya.

Akwai wani zama na tsaka-tsaki da ya zama ruwan dare a yankin Cornwall na Ingila da gaɓar Wales, wanda ya fi komai ci mini rai. Da bazara ta wuce baƙi suka ɗauke ƙafa, sai a ba 'yan gari hayar gidajen hutun da araha, daga Oktoba zuwa dab da Ista. Rana na fara ɗumi a ce su tattara. Ma'aikaciyar asibiti, mai dafa abinci a otal, mai tuƙa jirgin kamun kifi, kowa ya koma gidan iyaye, ko ɗakin ƙarfe mai taya a bayan wata gona, har hunturu ya zagayo. Mun san yaron nan da ake cewa, "Je ka kwana ɗakin baƙi, amma kada ka kai kayanka." Da an yi sallama a zaure ya naɗe tabarmarsa.

A ce an shawo kan duk wannan, an toshe ƙofar waje, an fasa ta ciki, an yi katanga. Saura babbar tambaya: wa zai shiga? A gidan gado an sha ganin haka. Ana gama gyara sai wani ɗan'uwa mai hali da ke Abuja ya bugo waya: "Baba, ai ni na aiko kuɗin kwanon rufin nan, a bar mini ɗakin, in na yi ritaya nan zan dawo." Angon da aka yi aikin dominsa ya koma neman haya. Sito mai sharaɗin hutu yana da arha saboda sharaɗin. Ranar da aka cire shi farashi zai yi tsalle, kuma wanda ya sayar da gidansa a kudancin Ingila ya zo da kuɗi a hannu zai riga ɗan makiyayi da ke jiran bashin banki. A takarda an sami ƙarin gidan zama ɗaya. Makarantar ƙauye ba ta ƙaru da ko yaro ɗaya ba.

Garin St Ives na Cornwall ya gwada nasa maganin. A Mayu 2016 suka yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi 83 cikin ɗari suka amince cewa duk sabon gidan da za a gina sai wanda zai zauna a ciki dindindin. Wani kamfanin gine-gine ya kai ƙara, Babbar Kotu ta ba garin gaskiya a shekarar. Sai dai dokar ba ta taɓa tsofaffin gidaje ba, masu sukarta kuma suna cewa can masu kuɗin suka karkata, magina suka rage gini. Kuma zama dindindin bai ce sai ɗan gari ba. Abin da na ga ya fi kusa da daidai shi ne musanya: in za a cire wa sito sharaɗin hutu, a ɗaura masa wani, cewa sai wanda ya yi shekaru yana zaune ko yana aiki a yankin. Ana yin haka a wasu yankunan, kuma yana riƙe farashi ƙasa. Illarsa ita ce bankuna ba sa ɗokin ba da bashi a kan gidan da ba kowa zai iya saye ba, shi ma manomin yana ganin an rage masa dukiya. Gwynedd tana zuba kuɗin ƙarin harajin nan a shirinta na gidaje, har da sayen gidaje ta ba 'yan yankin haya, amma hukuma gidan cikin gari za ta saya, ba sito a ƙarshen hanyar gona ba.

Maganar maigida ma ba ta faɗi ƙasa ba, Yaya zai zo. Yawon buɗe ido ne ke ciyar da dubban gidaje a waɗannan yankuna: mai share ɗakuna ranar sauyin baƙi, mai wankin zannuwa, mai gyaran famfo, mai kantin burodi. Lardin Pembrokeshire ya kai ƙarin harajinsa kashi 200 a 2024, da kuka ya yi yawa ya sauko 150 a shekarar da ta biyo. Gwynedd ta kafa doka a Satumba 2024 cewa ba mai mayar da gidan zama na hutu sai da izini. Masu gidaje suka yi karo-karo suka kai ta kotu, a 2025 alƙali ya ba su gaskiya, bisa cewa bayanin da aka ba shugabannin hukumar kafin su yanke shawara bai fayyace musu iyakar dokar ba.

Wasu manoman kuwa ba su jira kowa ba. Dokar tsara ƙasa tana da wata kafa: in aka karya sharaɗi shekara goma a jere hukuma ba ta ɗauki mataki ba, ta rasa ikon ɗauka, mai wurin ya nemi takardar halasci. Saboda haka akwai sitocin da a takarda masaukin 'yan hutu ne, alhali ɗan manomin da matarsa da 'ya'yansu ne a ciki, kekunan yara jingine da bango. Suna adana takardun wuta da na haraji da wasiƙun makaranta a kwali, shekara bi shekara, domin ranar neman takardar sai sun tabbatar ba a sami giɓi ba. In wata bazara kwaɗayi ya ja su suka fita suka ba 'yan hutu na 'yan makonni, ko maƙwabci ya kai tsegumi aka aiko musu da takardar gargaɗi a shekara ta tara, lissafi ya rushe.